Nana Asma'u 'Yar Shehu, Mai Karantarwa Da Waƙa

An haifi Nana Asma'u a Degel cikin shekarar 1793. Ita tagwaye ce, ɗan'uwanta shi ne Hassan. Ubanta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, uwarta Maimuna. Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, a 1805 kuwa jama'a suka sauka Gwandu, wadda ba ta da nisa da Aliero da Jega. A shekarar nan aka yi yaƙin Alwasa, inda jama'ar Shehu suka sha wuya ƙwarai. Daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato.

To, sa'ad da yaƙi ya lafa sai aka tarar da wata matsala wadda takobi ba ya maganinta. Ƙauyuka cike suke da mata, da yawansu kamammun yaƙi ne, ba su san harafi ba, in ciwo ko baƙin ciki ya same su sai su nufi masu bori. Ilmin tauhidi kuwa yana cikin littattafan Larabci irin su Ummul Barahin na Sanusi, a zauren malamai, inda mace mai daka da ɗiban ruwa ba ta zuwa.

Dabarar da Asma'u ta yi ita ce ta zuba ilmin nan cikin baitoci. Ta zaɓi mata dattijai masu hankali, ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa da jan ƙyalle don a san ta. Jaji takan zo Sakkwato da ayarin tsofaffi da 'yan mata, watau 'yan taru, su hardace waƙa, sa'an nan su koma gida. Can a tsakar gida jaji ta rera, mata su amsa, ta tsaya ta warware ma'ana. Ƙafiya ita ke tsare maganar, gama in aka sauya kalma ɗaya kunne zai ji baiti ya karye. Wannan ya fi takarda amfani ga wadda ba ta karatu.

Ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa. Ta mai da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta zuwa Hausa, waƙar da ke yi wa masu mulki gargaɗi kan zalunci. Waƙar Gewaye tarihin jihadi ce. Dalilin Samuwar Allah kuwa, ta ƙarshen rayuwarta, kan tauhidi take. Da baffanta Abdullahi na Gwandu ya rasu a 1829, da kuma ɗan'uwanta Muhammadu Bello a 1837, ta yi musu marsiyya.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da Shehu. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar 'yan taru bayanta.