Nana Asma'u: Malamar da ta fara da horas da malamai

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Degel a shekarar 1793. Ta naƙalci Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma auri Giɗaɗo ɗan Laima, Wazirin Sakkwato.

Bayan jihadi, matan karkara da dama ba su da hanyar samun ilimi, kuma mace ɗaya ba za ta iya zaga kowane ƙauye ba. Saboda haka ta kafa 'Yan Taru, ta zaɓi dattijan mata masu amana, ta horas da su a gidanta. Wadda ta ƙware sai a naɗa ta Jaji, a sa mata malfa da jan rawani.

Kowane fanni ta tanadar masa waƙa: tauhidi, fiƙihu, tarihi, har da wadda ta tattara sunayen surorin Alƙur'ani. Jaji takan haddace, ta fahimci ma'ana, ta koma ƙauye ta karantar, sannan ta dawo da tambayoyin mata a warware mata.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu. Ƙanwarta Maryam ta ɗora daga inda ta tsaya.