Nana Saratu, Matar Annabi Ibrahim

Sunan nan Saratu da a ke raɗa wa 'ya'ya mata a ƙasar Hausa asalinsa Ibrananci ne, watau harshen Bani Isra'ila. Ma'anarsa kuwa mace mai daraja, ko gimbiya. Ta hannun Larabawa ya iso ga Hausawa, shi ya sa ya ke da "tu" a ƙarshe kamar Aminatu da Hannatu. Wadda ta sa sunan ya shahara ita ce uwargidan Annabi Ibrahim, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Malaman tarihi sun ce a ƙasar Iraƙi aka haife ta, kuma 'yar uwar mijinta ce ta jini. Sa'ad da mutanensu suka ƙi barin bautar gumaka, ita da Annabi Luɗu ne suka ba da gaskiya, suka bi shi hijira zuwa ƙasar Sham.

Alƙur'ani bai ambaci sunanta ba, matar Ibrahim kawai ya kira ta. Amma sunan ya zo cikin hadisin Abu Huraira wanda Buhari ya ruwaito. A nan ne aka ba da labarin wani azzalumin sarki, wanda malamai suka ce na Masar ne, da ya ji labarin kyawunta ya sa aka kawo masa ita. Duk sa'ad da ya miƙa hannu gare ta sai hannun ya sandare, har ya roƙe ta addu'a. Daga ƙarshe ya sallame ta ba tare da ya taɓa ta ba, ya kuma ba ta Hajara kyauta.

Babbar jarrabawarta ita ce rashin haihuwa. Shekaru suka yi ta wucewa, ga miji mai roƙon Allah zuriya, ga ta ba ta ko ɓari. Da kanta ta ba shi Hajara, aka haifi Isma'ila. Kishi irin na mata ya motsa mata, ya zama sanadin da Allah Ya umurci Annabi Ibrahim ya kai uwa da ɗa kwarin Makka.

Bayan tsufa ya kama ta sai mala'iku suka zo gidan a kamannin baƙi. Suratu Hudu da Suratuz Zariyat sun bayyana yadda aka kawo musu gasasshen ɗan maraƙi ba su ci ba, da yadda ta yi dariya, ta kuma yi mamaki da suka yi mata bushara da Is'haƙu, bayansa kuma Yaƙubu. Attaura ta ce tana da shekara 90 ta haihu, ta rasu tana da 127. Daga wannan ɗa guda aka sami Yusufu da Musa da Dawuda da Sulaimanu. Kabarin da a ke jingina mata yana Masallacin Ibrahim a garin Halil, ƙasar Falasɗinu.

Sunanta ya game Musulmi da Kirista da Yahudawa. A Ingila ya yaɗu daga ƙarni na 16. A Amurka yana cikin sunaye 10 na mata da aka fi raɗawa tun daga 1978 har 2002, kana ya ja baya. Farin jinin suna yakan hau ya sauka, amma darajar mai shi tana nan.

To, ya kamata masu gorin haihuwa su yi tunani. Matar da a ke yi wa habaici a tsakar gida, ko a kore ta don ba ta haihu ba, halin da ta ke ciki shi ne wanda matar Badaɗayin Allah ta daɗe a ciki, mijinta kuwa bai rabu da ita ba, bai wulakanta ta ba. Haihuwa kyauta ce ta Allah, Yana ba wanda Ya so, a lokacin da Ya so. Allah Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, amin.