Lyman Spitzer

Lyman Spitzer (26 ga Yuni, 1914 – 31 ga Maris, 1997) masanin kimiyyar taurari ne ɗan ƙasar Amurka. An fi saninsa da binciken iskar gas da ke warwatse a tsakanin taurari.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Toledo, jihar Ohio. Ya yi digirin farko a Jami'ar Yale a 1935, ya sami digirin digirgir a Princeton a 1938 a hannun Henry Norris Russell. A 1947 ya gaji malamin nasa a shugabancin cibiyar nazarin taurari ta Princeton.

Gas mai zafi da mai sanyi

A tsakiyar ƙarni na 20 aka gano curin gas mai sanyi can nesa da faifan rukunin taurarinmu. Abin ya ɗaure wa masana kai, domin gas ɗin da babu abin da ya tokare shi bazuwa yake yi har ya ɓace. A 1956 Spitzer ya ce lalle akwai wani gas marar kauri, mai zafin kusan digiri miliyan ɗaya, da ya kewaye su, kuma matsinsa ne ke riƙe da su. Babu wanda ya taɓa ganin wannan gas a lokacin, lissafi kaɗai ya dogara da shi.

Tabbatar da maganar daga doron ƙasa ba ya yiwuwa, saboda iskar duniya tana tare irin hasken da ake buƙata. Shi kuwa tun 1946 yake kira da a harba na'urar hangen nesa sararin samaniya. Tauraron ɗan'adam na Copernicus, wanda aka harba a 1972 ɗauke da na'urar tawagarsa, ya gano oksijin da ya rasa ilektron biyar, alamar gas mai zafin kusan digiri 300,000. Masana da dama na ganin wani kaso nasa yana samuwa ne a kan iyaka, inda guguwa ke cakuɗa mai zafi da mai sanyi. Yawan wannan kaso har yanzu ana muhawara a kansa.

Ƙarshen rayuwa

Ya ga harba na'urar Hubble a 1990, shekara 44 bayan shawararsa. Ya rasu a Princeton, kuma a 2003 NASA ta sa wa wata na'urar hangen nesa sunansa.