C. V. Raman, akantan da ya bi sawun haske

An haifi Raman a kudancin Indiya a 1888. A 1907 ya kama aikin akanta a ma'aikatar kuɗi a Kalkata. Gwajin kimiyya kuwa sai da asuba da bayan tashi daga ofis. A 1917 ya ajiye aikin ya koma jami'a, alhali albashin can bai kai ba. Mu masu jiran difloma, wa zai iya?

A Fabrairun 1928, shi da K. S. Krishnan suka tabbatar cewa in haske ya ratsa ruwa, ɗan kaɗan daga cikinsa yana fitowa da launi daban, kuma kowane sinadari da irin nasa sauyin, kamar zanen yatsa. Da hasken rana fa suka fara, babu lesa lokacin. A 1930 ya ci kyautar Nobel.

Sai dai alamar ba ta da ƙarfi sam. Ya rasu a 1970, kafin a gano cewa 'yan mitsi-mitsin ƙuraje a jikin azurfa ko zinariya suna ninka ta. Yanzu da lesa ake sassaƙa su, ana neman nitiret ɗin takin zamani a ruwan sha, wanda in ya wuce miligiram 50 a lita yakan iya hana jinin jariri ɗaukar oksijin.