Shaihu Muhammadu Alkashinawi, Masanin Hisabi

Daga cikin malaman da ƙasar Hausa ke alfahari da su akwai Shaihu Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, watau Bakatsine. A gida ya yi karatu har ya ƙware a hisabi da ilmin taurari, sa'an nan ya tafi aikin Hajji.

A shekarar 1732 ya wallafa littafi da Larabci a kan hatimi, watau jera lambobi cikin gidaje yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mai karatu ya gwada jera 1 zuwa 9 cikin gida tara, kowane layi ya tashi 15.

A Alƙahira ya sauka gidan Shaihu Hasan Aljabarti, masanin taurari da ma'auni, wanda ya ɗauki karatu wurinsa. Nan ya rasu a 1741, ya bar masa wasiyyar littattafansa.

To, ɗalibanmu na Badarawa da sauran unguwannin Kaduna masu gudun darussan kimiyya saboda lissafi, su sani hisabi shi ne mabuɗinta, kuma gadonmu ne, ba baƙo ba. Allah Ya jiƙan Malam, amin.