Charles Darwin: Shekara Takwas A Kan Halittar Da Ba Ta Kai Ƙwayar Gujiya Ba

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau mun ɗauko muku Charles Darwin, masanin halittu ɗan ƙasar Ingila. Da yawanmu mun ci karo da sunansa a darasin Bayoloji, amma kaɗan ne suka san cewa ya shafe shekara takwas cur yana nazarin wata 'yar halittar bakin teku da ake kira banakul.

An haifi Darwin a garin Shrewsbury ranar 12 ga Fabrairu, 1809. Mahaifinsa likita ne mai wadata. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara takwas. A makaranta ba a sa shi cikin haziƙai ba, domin hankalinsa ya fi karkata ga tara ƙwari da duwatsu da kallon tsuntsaye. A 1825 mahaifinsa ya tura shi Edinburgh ya karanci aikin likita, amma ya kasa jure ganin tiyata, don a wancan zamani ana yin ta ba tare da maganin kashe zafi ba. Daga nan ya koma Jami'ar Cambridge, ya kammala a 1831.

A ƙarshen shekarar ya samu gurbi a jirgin ruwa mai suna Beagle, wanda ya zagaya duniya cikin kusan shekara biyar. A watan Janairu na 1835, a gaɓar wasu tsibirai na ƙasar Cile da ke Amurka ta Kudu, ya tsinci ɓawon wani dodon-koɗi na teku cike da ƙananan ramuka. Da ya duba da madubin ƙara girma, sai ya ga wata mitsitsiyar halitta a cikin kowane rami. Ta yi kama da banakul, amma ba ta da ɓawon kanta. Ya adana ta a kwalba, ya dawo da ita gida a 1836.

To, mene ne banakul? Mu nan Jabo muna nesa da teku, saboda haka sai an kwatanta. Halitta ce mai farin ɓawo, siffarta kamar ɗan ƙaramin rumbu, yawancinta ba ta wuce ƙwayar gujiya ba. Tana manne wa duwatsu da gindin jiragen ruwa, har da jikin kunkurun teku. A ido za ka ɗauka dangin dodon-koɗi ce, alhali 'yar uwar ƙaguwa da jatan-lande ce. Tana ƙarama takan yi iyo cikin ruwa. Idan ta samu wuri sai ta liƙa kanta a jikin dutse da wani irin danƙo, ta gina ɓawo ta kewaye jikinta, ta riƙa miƙo ƙafafu masu kamar gashin tsuntsu tana tace abinci daga ruwa. Daga ranar da ta manne ba ta sake gusawa har ta mutu.

A watan Oktoba na 1846, yana zaune da iyalinsa a ƙauyen Downe kusa da Landan, Darwin ya buɗe waccan kwalba da niyyar ya yi ɗan gajeren rubutu a kan halittar. Sai ya ga ba zai gane ta ba sai ya kwatanta ta da sauran danginta. Ya shiga aika wasiƙu ga masana da matafiya, aka riƙa turo masa banakul daga sassan duniya, har da burbushin waɗanda suka zama dutse tun zamanin da. Kullum yana kan tebur yana feɗe su ɗaya bayan ɗaya, duk da ciwon ciki da amai da suka addabe shi shekara da shekaru. A 1851 'yarsa Annie ta rasu tana da shekara goma, abin da ya girgiza shi ƙwarai. Bai ajiye aikin ba. 'Ya'yansa sun tashi suna ganinsa a wannan hali, har aka ce ɗaya daga cikinsu ya taɓa tambayar ɗan maƙwabtansu a wane ɗaki nasa mahaifin yake aikin banakul, don ya ɗauka sana'ar kowane uba ce.

Tsakanin 1851 da 1854 ya fitar da littattafai huɗu a kan banakul, masu rai da na burbushi. A 1853 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta ba shi lambar yabo, kuma wannan aiki na cikin dalilan. Babban abin da ya koya shi ne, ko a jinsi guda ba a samun biyu da suka yi daidai ta kowace fuska. Ya kuma san cewa kowace halitta tana haifar 'ya'ya fiye da waɗanda wuri da abinci za su iya ɗauka. Tambayar ita ce: me ke rage su?

Don ya gani da idonsa, ya share ɗan fili a lambunsa, ƙafa uku a ƙafa biyu, ya sa alama a kan duk ciyawar da ta tsiro. Cikin tsiro 357, guda 295 sun hallaka, akasari ƙwari da dodon-koɗi marar ɓawo ne suka cinye su. A wani filin kuma ya bar ciyayi suka girma yadda suka ga dama. Cikin iri ashirin, tara sun ɓace, domin masu ƙarfi sun danne su. Ya kawo waɗannan misalai a littafinsa na 1859 kan asalin jinsunan halittu, littafin da ya jawo muhawara mai zafi wadda har yau ba ta ƙare ba. Darwin ya rasu ranar 19 ga Afrilu, 1882, aka binne shi a Landan.

Bayan kusan shekara saba'in, wani Ba'amurke mai suna Joseph Connell ya kai wannan tambaya bakin teku, a tsibirin Cumbrae na ƙasar Sikotilan. A can ruwan teku yakan ciko ya rufe duwatsu, ya kuma janye, sau biyu a rana. Nau'in banakul biyu ne a wurin, kuma duka Darwin ya yi bayaninsu a littafinsa: ƙaramin nau'i a saman duwatsu, babban nau'i a ƙasa. 'Ya'yan ƙaramin suna manne wa har can ƙasa, amma ba sa daɗewa. Connell ya riƙa kankare babban nau'in daga wasu wurare, ya bar wasu, yana ƙirga abin da ya rayu. Sakamakon da ya wallafa a 1961 ya nuna abu uku. Na farko, gasa: babban ya fi saurin girma, yakan rufe ƙaramin, ko ya matse shi, ko ya ɓamɓare shi daga dutse, amma inda aka kankare shi ƙaramin ya rayu lafiya lau. Na biyu, yanayi: babban ba ya iya hawa sama, domin idan ruwa ya janye rana da iska suna busar da shi, ƙaramin kuwa ya fi jure bushewa. Na uku, mafarauta: can ƙasa akwai wani dodon-koɗi mai cin banakul, wanda ya fi son manya, yana rage yawansu.

Waɗannan abubuwa uku ba baƙi ba ne a gonakinmu. Manomi yana rage shukar gero a rami don kada ta yi gasa ta ƙanƙance. Ƙuduji yana tsotse dawa, fara da tsuntsaye suna cin amfani, fari yana ƙone shukar tudu ya bar ta fadama. Duk ɗalibin da ya gane wannan, tambayar jarrabawa kan dalilan ƙaruwa da raguwar halittu ba za ta ba shi wahala ba.

Ga shawararmu ga 'yan uwa. Idan damina ta faɗi, mu roƙi malamin Bayoloji ya ba mu ɗan wuri a bayan aji, ƙafa uku a ƙafa biyu kamar na Darwin. Mu share, mu kafa tsinke a gindin kowane tsiro, mu riƙa ƙirgawa duk mako muna rubuta abin da ya mutu da abin da ya kashe shi. Ba ya buƙatar kuɗi, sai littafi da biro da naci. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Ajin da ya gwada ya kawo mana alƙalumansa, za mu liƙa su a wannan allo. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.