Ira Aldridge: Ɗan wasan kwaikwayon Ingila da ya ce shi jikan sarakunan Fulani ne

A tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da Fulanin Adamawa ke kafa lamidai a Yola da Garwa da Ngaundare, akwai wani baƙar fata da ke cika gidajen wasan kwaikwayo na Turai, ana tallata shi a matsayin ɗan gidan sarautar Fulani daga Senegal. Sunansa Ira Aldridge. Ya shafe fiye da shekara 40 a kan dandamali, ya zama baƙar fata na farko da ya yi suna a wasannin Shakespeare, sarakunan Turai kuma suka ba shi lambobin yabo. Sai dai asalin Fulanin da ya jingina wa kansa ƙirƙira ce, kuma dalilin da ya sa ya ƙirƙire ta shi ne babban abin lura a tarihinsa.

Daga New York zuwa Landan

An haifi Ira Frederick Aldridge a birnin New York na Amurka ranar 24 ga Yulin 1807. Iyayensa ’yantattu ne, ko da yake ba a kawo ƙarshen bauta a jihar New York ba sai a 1827. Mahaifinsa Daniel ƙaramin ɗan kasuwa ne da ke wa’azi a coci. Yaron ya yi karatu a African Free School, makarantar da masu adawa da bauta suka buɗe wa ’ya’yan baƙaƙen fata, sannan ya fara koyon sana’ar a African Grove, gidan wasan da William Brown ya kafa a 1821. Gidan bai daɗe ba, domin tsangwamar ’yan sanda da ta Turawa masu tayar da hayaniya ba ta bar shi ya tsaya da ƙafarsa ba.

Ganin ba shi da makoma a ƙasar haihuwarsa, Aldridge ya hau jirgin ruwa zuwa Liverpool yana ɗan shekara 17. A watan Oktoban 1825 ya fito a gidan wasa na Coburg da ke Landan, wanda yanzu ake kira Old Vic, a matsayin Oroonoko, wani yarima ɗan Afirka da aka sayar bawa. ’Yan kallo sun yi masa tafi, amma jaridar The Times ta yi masa ba’a, tana iƙirarin cewa siffar leɓɓansa ba za ta bar shi ya furta Turanci daidai ba. A shekarar ce kuma ya auri Margaret Gill, Baturiya ’yar Yorkshire.

Da Landan ta ƙi ba shi wuri mai ɗorewa, sai ya shiga garuruwan Ingila da Scotland da Ireland, yana yin ’yan kwanaki a nan, mako guda a can. A 1828 aka damƙa masa ragamar gidan wasa na garin Coventry na ’yan watanni, abin da ya sa ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci gidan wasa a Birtaniya. Yakan haɗa wasa mai ban tausayi da na barkwanci a dare ɗaya, don masu kallo su ga ƙwarewarsa ta fuska biyu. A daren bankwana da gari kuwa, yakan tsaya ya yi wa jama’a jawabi kan zaluncin bauta.

Dare biyu a Covent Garden

Babbar damarsa ta zo a 1833. Ranar 25 ga Maris, Edmund Kean, gwarzon ’yan wasan Ingila na lokacin, ya yanke jiki ya faɗi a kan dandamalin Covent Garden yana tsakiyar wasan Othello. Wasan labarin wani janar ne baƙar fata mai yi wa birnin Venice aiki, wanda wani makirin jami’insa ya zuga shi har kishi ya sa ya kashe matarsa, Desdemona. Tun zamanin Shakespeare, a manyan gidajen wasa na Landan Turawa ne ke shafa baƙi ko ja a fuska su fito a matsayin janar ɗin.

Ranar 10 ga Afrilu Aldridge ya hau wannan dandamali a matsayin Othello, tare da Ellen Tree a matsayin matar. Lokacin ya zo daidai da zazzafar muhawara kan soke bauta a yankunan da Birtaniya ke mulka, dokar da aka zartar a watan Agustan shekarar. Masu kallo sun karɓe shi, amma jaridu da dama suka yi masa ca. Mujallar Athenaeum ta nuna ɓacin ranta ƙarara da ganin baƙar fata yana taɓa Baturiya a bainar jama’a. Bayan dare biyu aka dakatar da wasan, bai kuma sake komawa Covent Garden ba.

Labarin jikan sarkin Fulani

A shekarun yawon garuruwa ne labarin asalinsa ya riƙa sauyawa. Takardun talla suka fara kiran sa ɗan Senegal, daga baya kuma wani ɗan littafi kan rayuwarsa ya kawo cikakken zance: wai kakansa basarake ne na Fulani da ya nemi a daina sayar da fursunonin yaƙi a matsayin bayi, manyan ƙasarsa suka yi masa tawaye suka kashe shi, wani mai wa’azin Kirista kuma ya tsere da ɗansa zuwa Amurka.

Labarin yana da kama da wani abu da ya faru da gaske. A Futa Toro, a gaɓar kogin Senegal, malaman Torodbe sun kafa daular Musulunci a 1776, kuma shugabanta na farko, Almami Abdulƙadir Kan, ya hana fataken bayi ratsawa ta ƙasarsa, daga bisani abokan gaba suka kashe shi. Labarinsa ya kai kunnen masu fafutukar hana cinikin bayi a Ingila. Ke nan sunan Fulani ba baƙo ba ne ga mai karatun wancan zamani. Amma masana tarihi, musamman Bernth Lindfors wanda ya shafe shekaru yana bin diddigin rayuwar Aldridge, sun tabbatar cewa a New York aka haife shi, kuma babu wata shaida da ta haɗa gidansu da sarautar Fulani.

Me ya kai shi ga haka? Baƙar fatar Amurka a idon yawancin Turawan lokacin bawa ne ko ɗan bawa, wanda ’yan barkwanci ke kwaikwayon maganarsa don a yi dariya. Yarima daga Afirka kuwa abin sha’awa ne da ake biyan kuɗi a je a gani. Aldridge ya fahimci cewa mutanen da ba za su saurari ɗan talaka daga New York ba za su cika zaure don ganin jikan sarki. Idan suka shigo, sauran aikin ya rage ga muryarsa da basirarsa. Asalin aro ya jawo ’yan kallo, amma ba shi ya riƙe su shekara 40 ba.

Yabo daga Berlin zuwa Rasha

A 1852 ya tsallaka zuwa sauran ƙasashen Turai, inda ya fara da birnin Brussels, ya wuce Jamus da Ostiriya da Hungary. A nan ne ya samu girman da Landan ta hana shi. Sau da yawa yakan yi nasa ɓangaren da Turanci, abokan wasansa na amsawa da Jamusanci ko wani harshen gida, amma jama’a na bin labarin ta motsin jikinsa da sauyin muryarsa. Sarkin Prussia, Frederick William na huɗu, ya ba shi lambar zinare ta fasaha da kimiyya, a 1858 kuma gidan sarautar Saxe-Meiningen ya ba shi muƙamin girmamawa.

Bai tsaya ga fitowa a matsayin baƙaƙen fata kaɗai ba. Ya juya al’adar Turawa, inda ya riƙa shafa fari a fuska yana fitowa a matsayin Macbeth da Shylock da Sarki Lear. Marubucin Faransa Théophile Gautier, wanda ya kalle shi a birnin St Petersburg, ya rubuta cewa Lear ɗinsa ya ma fi Othello ɗinsa burge shi. A wannan birni ne, a ƙarshen 1858, ya ƙulla abota da mawaƙin Ukraine Taras Shevchenko, wanda shi ma aka haife shi cikin ƙangin bautar gona, aka fanshe shi da kuɗi. Ba su jin harshen juna, amma Shevchenko ya zana hotonsa, zanen da ke nan har yau.

Aldridge ya zama ɗan ƙasar Birtaniya a 1863. Matarsa Margaret ta rasu a 1864, shekara guda bayan haka ya auri Amanda von Brandt ’yar Sweden. Bayan kammala yaƙin basasar Amurka ya fara shirin komawa can don yin wasanni, amma ajali ya riga shi. Ya rasu ranar 7 ga Agustan 1867 a garin Lodz na Poland, inda ya je aiki, yana da shekara 60. A can aka binne shi, bai sake ganin Amurka ba tun barin ta yana saurayi.

Abin da ya bari

’Yarsa Amanda Aldridge, wadda ta rayu har 1956, ta zama malamar waƙa da horar da murya a Landan. Cikin ɗalibanta akwai Paul Robeson, wanda ya fito a matsayin Othello a gidan wasa na Savoy a 1930, kusan shekara 100 bayan abin da ya faru a Covent Garden. Amanda ta miƙa masa ’yan kunnen da mahaifinta ke sawa a wannan wasa.

A gidan wasan tunawa da Shakespeare da ke Stratford-upon-Avon an sanya sunan Aldridge cikin ’yan wasa 33 da aka karrama da allon tagulla, shi kaɗai ne baƙar fata a cikinsu. A 2007 aka manna allon tarihi a gidan da ya zauna a kudancin Landan, a 2012 kuma marubuciya Lolita Chakrabarti ta fito da wasan Red Velvet kan dare biyun nan na 1833, inda Adrian Lester ya fito a matsayinsa. A yau ba a ƙara kiran sa jikan sarkin Fulani. Ana tunawa da shi da ainihin asalinsa, ɗan mai wa’azi daga New York wanda ya buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar dandamalin Turai.